Bindigar Kakan Maigida

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na shiga majalisin maigidana, wato ɗakin baƙinsa, da bindiga a hannu ba. In za a yi adalci, ba laifina ba ne gaba ɗaya. Ko kuma dai nawa ne, ku duba ku gani.

Na zo Doha da digirin injiniya a jaka, na ƙare a kai yaran Abu Hamad makaranta. Abu Hamad shi ne kafil ɗina, wato wanda ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar. Gidansa na unguwar Aziziya, yana kuma da garejin manyan motoci can wajen Asian Town, inda kullum nake addu'ar a mayar da ni. Ban taɓa roƙa ba. Ni mutum ne mai karanta saƙo har ya haddace kafin ya aika, in ya aika kuma ya bi shi da na ban haƙuri.

Da korona ta rufe makarantu sai na zama direban da ba shi da wurin zuwa. Wata rana ina share sito na gan ta a jingine: tsohuwar bindigar sojan Ingila, irin mai sakata a gefe, wadda ake ja baya a tura gaba bayan kowane harbi. Ta kakan maigida ce. Wani can baya ya datse katakon gabanta don ta yi sauƙin ɗauka a farauta, ya kuma shafe ƙotar da fenti mai ƙyalli kamar ƙofar shago. An daɗe da toshe bututun, ba ta harbi, takardunta suna hannun maigida (na tambaya, na sake tambaya).

Na ce masa da Turanci, don da shi muke magana, wai in bai damu ba, mai yiwuwa, wataƙila zan iya mayar da ita kamanninta na asali.

Ya ce, "In ka iya, gareji na jiranka."

Daga ranar na tare a siton. Na kankare fentin nan a hankali har hatimin masu ƙera ta ya fito. Na jiƙa tsatsar da mai ina gogewa. Da aka sassauta kulle na kai wa wani kafinta hoto da awo, ya sassaƙa mini katakon da aka datse, amma launinsa ya ƙi zama ɗaya da tsohon. In shafa mai, in jira ya sha, in fito da su rana, in ga kamar sun yi daidai, gobe kuma in ga kamar ba su yi ba.

Sabi'u mai gadi, ɗan Gusau, yakan leƙo da takunkuminsa a haɓa.

"Injiniya, yau ma wankan amarya ake?"

"Man ne bai sha ba tukuna."

"Ka kai ta ɗakin miji mana. Ko sai ta yi furfura?"

Gaskiyarsa. Korona ta tafi, aka rataye tutocin ƙasashe a kowane titi, gasar cin kofin duniya ta zo, sannan na iya buɗe baki na ce wa maigida ina ganin kamar na gama. Ya ce zai neme ni. Tun daga nan ko tari ya yi sai in miƙe.

Ran da abin ya faru yana da baƙi, abokan kasuwancinsa daga Kudancin Amurka, duk sanye da rigunan ƙwallon ƙasarsu. Suna kallon wasa a majalisi, ƙasarsu na karawa da wadda maigida ke goya wa baya. Ina bakin ƙofa da butar gahawa sai ƙasar baƙin ta zura ƙwallo. Suka yi ta tsalle suna rungumar juna. Maigida ya ɗaure fuska, ya waigo, ya ce mini da Larabci, "Yalla, kawo bundug."

Larabcina na Islamiyya ne, amma na san bunduƙiyya, na san ita ce bindiga a Hausarmu. Na kuma lura mutanen nan suna son gutsure kalmomi. Duk da haka na tabbatar, don ni ba na aiki da zato.

"Yanzu, ranka ya daɗe? A gaban baƙi?"

"Ai don baƙin ne."

Na ruga. Na goge ta da tsumma, na gyara wuyan rigata, na ɗora ta a tafukan hannuna biyu. Sai kuma na tuna ba su san ba ta harbi. Don hankalinsu ya kwanta, ina shiga na tsaya tsakiyar ɗaki, na ja sakatar baya in nuna musu babu harsashi, na mayar.

Ƙarar da ta yi, ni kaina ban san na gyara ta haka ba.

Wani ƙato ya sulale bayan kujera. Wani ya ɗaga hannu sama da dabino a tsakanin yatsunsa. Dattijon cikinsu ya dubi maigida ya ce da Turanci, a hankali, "Ƙwallo ɗaya ce fa kawai."

Maigida ya daɗe yana kallona. Sannan ya nuna farantin da ke gabansa, inda ya rage wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da gujiya, waɗanda suke ci da gahawa.

"Wannan," in ji shi, "shi ne bundug."

Na so ƙasa ta tsage. Na fara ba da haƙuri da Turanci, na koma Larabci, na ƙarasa da Hausa, duk bindigar na hannuna, ga shi duk inda na juya mutane na kaucewa. Sai da maigida ya taso ya karɓe ta. Ya juya ta, ya shafa wurin da sabon katako ya haɗu da tsohon, ya nemi gaɓar bai samu ba. Daga nan dariya ta ƙwace masa har ya zauna a ƙasa. Baƙin suka fito daga maɓoyarsu, aka yi ta ɗaukar hoto da ita. Ƙaton nan har ya ce in sake jan sakatar ya ɗauka a waya. Na ce ya yi haƙuri.

Kafin magariba Sabi'u ya kai labarin har ga direbobinmu Hausawa na garin Wakrah. Har yau in na shiga wurin cin tuwo ranar Juma'a, sai wani ya ɗaga hannu sama ya ce, "Injiniya, mun tuba."

Bayan gasar aka mayar da ni gareji. Ina so in yarda aikina ne ya jawo, kuma akwai alamun haka. Sai dai wani lokaci nakan lura cewa garejin ne wuri mafi nisa da majalisi a duk abin da maigida ya mallaka. Abin da na koya shi ne, tambayar "yanzu?" da "a nan?" ba ta tsare mutum daga komai, in bai fara tambayar "mene ne?" ba.