Yadda Za Ka Fito a Babban Allon Filin Wasa Don Matarka Ta Yarda Cewa Ka Je

Kai mai karatu, matso kusa. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na yi maka alkawari za ka fito a babban allon nan da ake kafawa a filin wasa ranar da mawaƙa suka zo. Kanka zai yi girman ɗaki, kowa ya gan ka, har wadda ka bari a gida gaban talabijin. Ba a littafi na karanta ba, don karatuna bai yi nisa ba, tun ina yaro na koma gyaran agogo. Da kaina na gwada hanyar, kuma duk lokacin da na gwada ta yi aiki. Sau ɗaya na gwada.

Mataki na 1: Ka auri mace mai son waƙa

Wannan a fara shi da wuri, tun gashin kai yana baƙi.

Tawa tana da wata mawaƙiya da take kira "yarinyar nan tawa", ko da yake ba su taɓa haɗuwa ba. Ta haddace waƙoƙinta kaf. Tana yi tana guga, tana yi tana wanke-wanke, tana yi tana yi mini faɗa. Ranar da gidan rediyo ya sa gasa, aka ce a bugo waya a ƙarasa baiti, ita ta ƙarasa, ta zarce da na gaba da ba a tambaye ta ba, sai da mai shirin ya roƙe ta ta tsaya. Aka ba ta tikiti biyu na wasan da mawaƙiyar za ta yi a filin wasa.

Daga nan sai ka jira ta zame a banɗaki ta karye a ƙafa. Kada ka sa hannu a wannan, Allah ya kiyaye, da kansa yake zuwa. Likita zai naɗe ƙafar da farin simintin nan nasu, ya ce kada ta kuskura ta taka ƙasa. Za ta yi kuka. Ba don ƙafar ba.

Mataki na 2: Ka zama mutumin da ba a yarda da aikensa

Shi ma yana ɗaukar shekaru, amma ba wuya. A aike ka sayo ƙwan fitila, ka dawo da yamma hannu wayam, ka ba da labarin yadda aka ɗaga tankin ruwa zuwa saman bene da igiya. A aike ka karɓo ɗinki, ka tsuguna a bakin hanya kana kallon tururuwa sun ɗauko fiffiken fara suna gardamar inda za su bi da shi. Ka ci gaba da haka har gida ya san halinka.

In ka yi shi da kyau, ranar wasan za ta kira ka bakin gado ta ce:

"Malam, ga tikitin. Ba don na yarda da kai ba ne, don ba ni da wanda zan aika ne. Za su nuna a talabijin kai tsaye. Ga laimata rawaya, ka buɗe ta ka ɗaga sama. In na gan ta, na san idona ya je wurin. In ban gan ta ba, na san kana can kana kallon ana fentin gada."

Za ka ce, "Haba, sau nawa na taɓa yin haka?"

Za ta ce, "Kana so in ƙirga?"

Kada ka so. Ka dubi fuskarta kawai. Za ka ga ba raha take yi ba. Matar da ta yafe maka ƙwan fitila da ɗinki da sauransu, yau abu guda take roƙo, kuma in ka dawo mata da labarin tururuwa a madadinsa, ba faɗa za ta yi ba. Shiru za ta yi, ta juya fuskarta bango. Masana sun tabbatar shirun ya fi faɗan nauyi. Ni ne masanan.

Mataki na 3: Ka tafi da mai ja maka hannu

Tikiti na biyu na maƙwabcinka ne Direba, wanda ya tsufa yana tuƙa bas. Amfaninsa biyu. Na farko, kunnensa ɗaya ya mutu, saboda haka rabin ƙarar kawai zai sha. Na biyu, bai taɓa tsayawa a inda ba tasha ba.

Za ka bukace shi, domin hanyar filin wasa cike take da tarkuna. Akwai mai sayar da tabarau masu ƙyalli da kansu. Akwai wani dogo da ya hau sanduna yana tafiya, kansa yana shafar rassan bishiya, kuma babu wanda ya damu ya tambaye shi ta yaya yake sauka. Ƙafarka za ta tsaya ba da saninka ba.

"Mai Agogo, tafi!" in ji Direba. "Ba kallon dogo muka zo ba."

"Tsaya in ga ko da tsani yake..."

"Da igiya zan ɗaure ka. Tafi!"

Ka tafi. Amma ka waiwaya sau ɗaya, hakkinka ne.

Mataki na 4: Ka rasa laimar

A ƙofa za ka bi layi mai lanƙwasa kamar hanji, har ka iso gaban wata yarinya mai rigar masu gadi. Za ta shafa maka wata sanda mai kuka a jiki, sannan ta miƙo hannu.

"Baba, ba a shiga da laima."

"'Yata, wannan ba laima ba ce, saƙo ce."

"Ko wasiƙa ce, Baba, tana da tsini. In kun fito ku karɓa."

Za ta jefa ta cikin wani ƙaton kwando inda laimomin wasu bayin Allah suke kwance, ta ɗaura maka awarwaron roba a hannu, ta ce na gaba. Ka yi mata bayanin ƙafa da siminti da talabijin. Za ta ce Allah ya ba Mama lafiya, ta sake cewa na gaba.

Yanzu ka shiga filin da ya haɗiye jama'ar da ta fi ta unguwarku da unguwannin da ke kewaye da ita, kuma alamar da za a gane ka da ita tana cikin kwando. Kada ka damu tukuna. Akwai lokacin damuwa a gaba, an tanadar masa mataki.

Mataki na 5: Ka hau sama, ka saki baki

Kujerar kyauta kullum a can ƙololuwa take, kusa da inda gajimare ke juyawa. Ka hau matattakala, ka huta, ka hau, ka huta, ka bar Direba ya tsine wa wanda ya gina wurin. In kun zauna, ka duba ƙasa. Mawaƙiyar za ta fito kan dandamali ba ta fi hannun agogo tsawo ba, amma a allon da ke gefenta haƙorinta ɗaya ya kai ƙofar ɗaki.

Sai kiɗa ya tashi. Ba ta kunne yake shiga ba, wannan kuskuren mutane ne. Ta tafin ƙafa yake shigowa, ya bi ƙashin baya, ya sami zuciya yana gyara mata tafiya, kamar yadda nake saita agogon da ya yi jinkiri. Maɓallan rigarka za su yi rawa kafin kai.

Ka lura da wani abin mamaki: bakinta a allo zai riga muryarta isowa. Na yi tunani a kan wannan sosai, na gano dalili. Hoto ba ya ɗauke da komai, shi ya sa yake gudu. Murya kuwa tana ɗauke da magana, dole ta huta a hanya.

Rana na faɗuwa, awarwaron hannunka zai kama haske da kansa, ja, kore, shuɗi, tare da na kowa, ba wanda ya taɓa shi. Ka kara shi a kunne. Ba ya ƙas-ƙas, babu zare, babu wurin murɗawa a yi masa wani irin na agogo. Ka ce wa Direba, "Wa yake kunna mu?" Zai ce, "Eh, da daɗi!" don ta mataccen kunnen ka yi magana.

Sannan igiyar mutane za ta taso daga can gefe, layi bayan layi suna miƙewa suna zama, tana zagayo fili kamar iska a gonar da ta yi tsawo. Ka shirya. Ka dafa gwiwa. Lokacin da ka gama miƙewa ta riga ta wuce, kai kaɗai ne a tsaye da hannu a sama. Ka tsaya a haka, za ta zagayo ta same ka.

Mataki na 6: Ka yi wa kyamara fadanci

Yanzu ka damu.

Kyamarar da ke zaɓen fuskoki tana kan wani dogon ƙarfe mai wuyan raƙumin dawa, tana shawagi a kan jama'a tana shinshinawa. Ka karanci halinta. Tana son 'yan mata masu kuka don murna. Tana son wanda ya shafa fenti a fuska. Tana son yaro a wuyan ubansa. Tsoho mai farar riga bai dame ta ba.

Ka cire hula ka kaɗa. Ka kaɗa hankici. Ka kaɗa hular Direba. Ka yi rawar da rabonka da ita tun kana saurayi, wadda kafaɗa ke fara tafiya ƙugu ya biyo baya in ya ga dama. Samarin da ke kusa za su buɗe maka fili suna tafi suna "Kaka! Kaka! Kaka!" Wata za ta ce wa ƙawarta, "Wallahi ya fi saurayinki iyawa." Jininka zai yi zafi, ka ji ka kamar agogon da aka yi wa sabon wani.

Direba zai durƙusa ya ce, "Hau wuyana, tunda yara take so."

Ka ɗaga ƙafa ɗaya. Gwiwarsa za ta yi ƙara, taka ta amsa mata. Ku fasa, ku yafi juna.

Kyamarar za ta taho, ta taho, har ka hango jan idonta. Sai ta tsaya a kan wani mai gashi kore, layi biyu ƙasa da kai, ta juya ta tafi abinta.

Ka zauna. Ka tuna wata mata a ɗaki, ƙafa a kan matashi, ta matso da kujera har hancinta ya kusa taɓa gilashin talabijin, tana neman rawaya a cikin wannan teku.

Mataki na 7: Ka manta abin da ya kawo ka

Wannan shi ne sirrin, kuma ba a koyar da shi. Ko kana da shi ko babu.

Kana zaune cikin baƙin ciki sai wani abu ya gifta ta gefen idonka. Ka juya. A bayanka, can sama da katangar fili, akwai manyan fitilu a kan dogayen turaku. Ƙwari sun taru a haskensu kamar hayaƙi, tsattsewa kuma sun zo cin abincin yamma. Tsuntsun baƙi ne, kowa ya sani. Amma da ya faɗa cikin hasken sai ya zama azurfa, ya fita ya koma baƙi, ya dawo ya sake zama azurfa. Garke guda, suna nutso suna tasowa, kuma na rantse maka a kan kiɗan suke juyawa. Ganga ta buga, su watse. Murya ta ja dogon baiti, su haɗu su yi zobe.

Ka miƙe. Ka ba dandamali baya. Ka harɗe hannu a baya, ka ɗaga kai, ka saki baki.

Za ka ji ihu ya tashi da dariya, fili gaba ɗaya. Ka ɗauka mawaƙiyar ce ta yi wani abu. Za ka ji Direba yana fizgar rigarka yana "Juyo! Mai Agogo, juyo!" Ka ce masa, "Tsaya, za su sake yin zoben." In ka juyo daga baya, ba komai a allon sai mai ganga yana zufa.

Direba zai rantse har da dafa ƙirji cewa ka fito. Kada ka yarda. Mutumin kirki ne, ya saba gaya wa fasinja an kusa isa.

Mataki na 8: Ka kai mata shayi da safe

Za ka dawo ka tarar ta yi barci, talabijin a kashe. Ba za ka san kashewar fushi ba ce ko ta gajiya. Da safe ka haɗa shayi, ka shiga da sallama ƙasa-ƙasa, ka fara:

"Wato, a ƙofa akwai wata yarinya..."

"Na gan ka," za ta ce.

"Ni? Ai babu laimar."

"Wa yake bukatar laima? Duniya guda ta fuskanci gabas, mutum ɗaya ya fuskanci yamma da baki a buɗe. Ƙeyarka suka cika allon da ita, Malam. Tun ina amarya nake bin ƙeyar nan a kasuwa ina kira ba ta juyowa. Har yarinyar nan tawa ta daina waƙa ta ce, 'Baba, muna nan ta wannan gefen!' Na yi dariya har simintin ya motsa."

Za ta kurɓi shayi, tana goge ido da bakin mayafi.

"Wace waƙa ta rufe da ita? Wuta ta ɗauke mana kafin ƙarshe."

Ka dubi rufi.

"Na sani," za ta ce. "To zauna. Me kake kallo a saman nan? Kyamarar ba ta nuna ba, kwana na yi ina son in sani."

Ka zauna a bakin gado ka gaya mata, baƙi da azurfa da zobe. Ka yi da hannu. Ba za ta katse ka ba, ko sau ɗaya, har shayin ya huce. In ka gama za ta yi ajiyar zuciya, ta dafa awarwaron robar da har yanzu ka kasa cirewa, ta ce:

"Ina laimata?"

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka in ka bi shawararsa, ko ciwon gwiwa ne, ko kunne mai ƙugi, ko yaran unguwa da za su riƙa juya maka ƙeya suna kallon sama duk inda ka gifta. In matarka ba ta san ƙeyarka ba, wannan tsakaninku ne. In tsuntsayen ba su zo ba, ka kai ƙara wurinsu. Kada a neme ni a shago yau, an aike ni filin wasa karɓo laima, an kuma ce in je in dawo kai tsaye. Sai dai na ji an ce dogon nan mai sanduna a bayan filin yake sauka.