Yadda Na Zama Waliyyin Gimbiya

Ko da zan manta da ranar da aka miƙa mini takardar digiri, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na ja karya a igiya zuwa taron dattawa a gonar Kawu Isa. Na daɗe ina shakkar ko ya dace in ba da wannan labari. Amma tunda duk wanda ya hau mota daga Rano zuwa Kibiya ya riga ya ji shi a bakin direba, gara ku ji shi a nawa.

Unguwarmu a bakin gari take, ta wajen hanyar Kibiya. Muna yara duk gonaki ne a wurin. In an gama girbi sai a saki komai: awaki su bi kara, samari su buga ƙwallo, karnukan mafarauta su yi ta tsere har gindin dutse. Yanzu 'yan kasuwa da masu motocin Kano sun saye gonakin, an yanka fuloti, bulo ya tashi ko'ina. Gonar Kawu Isa, ƙanin mahaifiyata, ita kaɗai ta rage, ita ma wani dillali, Alhaji Sabo, ya fara yawan zuwa gaishe da Kawu ba gaira ba dalili.

Wanda abin ya fi matsa wa shi ne Baba Sarkin Baka, tsohon mafarauci, wanda karnukansa ke korar mana birai daga masara. Sababbin maƙwabta sun kai ƙara wurin mai unguwa: ko a nema wa karnukan wajen zama, ko a fitar da su daga unguwar. An ma riga an sa wa ɗaya guba. Kowa kuma ya san in karnukan suka tafi, tsohon ba zai zauna ba.

Ni a lokacin na dawo daga jami'a da digirin tsara birane, babu aiki sai zaman ƙofar gida. A makaranta an taɓa nuna mana yadda a wasu ƙasashe ake keɓe fili a cikin unguwa, a kewaye shi, karnuka su riƙa gudu a ciki. Sai na je na tsuguna gaban Kawu, na ce wataƙila, in ba zai damu ba, in kuma bai saɓa wa wani shiri nasa ba, ko zai bar kusurwar gindin ɗorawa kada a sayar. Matasan unguwa sun yarda za su kewaye ta da ƙaya.

Kawu ya dube ni ya ce, "Wato duk ƙuli-ƙulin da uwarka ta soya, karatun karnuka ka je ka yi da shi?"

Duk da haka ya yarda a zauna, ranar da Alhaji Sabo zai kawo mai saye daga Kano.

Na yi kwanaki ina juya abin a raina. Na ga magana kaɗai ba za ta isa ba, sai da shaida: a ga kare zaune kusa da ni, ni da ba mafarauci ba, cikin farin kaya, bai taɓa kowa ba. (Ya kamata in faɗa a nan cewa tsoron kare nake tun ina yaro. Ban gaya wa kowa ba, don kada a ce ba da gaske nake ba.) Da na nemi aron kare wurin Baba Sarkin Baka, ya ce shi zai je kasuwa a Kibiya, sai mu haɗu a gona bayan la'asar, ni in biya gidansa in ɗauki karensa Duna.

Da na ga Duna sai na ja da baya. Baƙi ne, kunne ɗaya a yage, ido jajur, kamar jiya aka sako shi daga gidan yari. Na ce a raina wannan ba fuskar da za a nuna wa mai saye ba ce. Ina waige-waige sai na hango wata farar karya a wani ɗaki ta baya, an kare ƙofar da langalanga an jingina turmi. Tsaf da ita, tana kallona kamar mai ladabi. Gimbiya ake ce mata.

Na tambayi Inna Ladi, matar Baba, ko zan iya ɗaukar wannan a madadin wancan.

Ta ce, "Ɗana, wannan ba ta fita kwanakin nan."

"Ciwo take yi, Inna?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Ko tana cizo ne?"

"Ba ta cizo."

"To mene ne matsalar?"

Sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki. Ni kuma na duba: lafiya ƙalau, babu cizo, ba a kuma ce a'a ƙarara ba. Na kawar da turmin.

Ban yi nisa ba na ga wani jan kare yana bin mu. Na ce wataƙila hanyarmu ce ɗaya. Muna wuce injin niƙa suka zama uku. Kafin in kai gona akwai karnukan da ban taɓa gani a Rano ba, wani ma daga baya an ce daga ƙauyen Zurgu ya zo (ban tabbatar ba). A gabansu duka ga Duna, yana jan guntun igiyar da ya tsinke.

An shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa. Ga mai unguwa, ga liman, ga Kawu, ga Alhaji Sabo da baƙonsa cikin shadda, motarsa a gefe. Na tsaya, na gyara hula, na ce, "Kamar yadda kuke gani, ko kuma in ce kamar yadda za ku iya gani, waɗannan dabbobi, galibinsu dai, ba su da tashin hankali..."

Iyakar jawabina ke nan. Duna ya faɗa wa jan karen, sauran suka shiga, faɗan ya birgima har kan tabarma. Liman ya tattare babbar riga ya haye benci. Baƙon ya shige mota ya ɗaga gilasai, ya bar takalmi ɗaya a waje. Gimbiya ta zagaya ni, igiya ta naɗe mini ƙafafu, na zube a zaune. Ban saki igiyar ba, don amana ce aka ba ni (ko kuma, a gaskiya, amanar da na ba kaina).

Duna ne ya yi nasara. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi ba. Abin da kawai zan ce shi ne a ƙarshen igiyar da ke hannuna ya faru, gaban limamin da ya raɗa mini suna, kuma ya ɗauki lokaci. Dattawa duk suka ɗaga kai suna nazarin ganyen ɗorawa. Ni kuwa na rasa inda zan kalla, sai na kalli Kawu.

Kawu ya ce, a hankali, "Da ka gaya mana ɗaurin aure ne, ai da mun zo da goro."

Mai unguwa ya ce, "Ba laifi, tunda ga waliyyi nan a zaune."

A nan Baba Sarkin Baka ya iso a kan keke. Ya dubi karnukan, ya dube ni.

"Wa ya buɗe ta?"

"Na tambayi Inna, Baba."

"Ta ce maka me?"

"Rufe fuska ta yi."

"To," in ji shi.

Gonar dai an sayar. Sai dai baƙon ya ce a cire masa kusurwar ɗorawa, ya ga irin jama'ar da ke taruwa a wurin. Alhaji Sabo ya kai wasu masu saye, amma labarin ya riga shi zuwa, babu mai son a ce gidansa yana gindin ɗorawar Waliyyi. Matasa suka kewaye wurin da ƙaya, karnukan Baba na gudu a ciki, shi kuma yana zaune a gindin bishiyar da rediyonsa. Ban ce abin zai ɗore ba. Katanga ta zagaye wurin ta gefe uku, Alhaji Sabo kuma ya ce mutane mantuwa gare su, shi jira ya iya.

Kawu bai yafe mini asarar ba. In na gaishe shi, amsarsa ɗaya ce: "Waliyyi, ya amarya?" Da Gimbiya ta haihu, Baba ya aiko mini da ɗan kwikwiyo, baƙi, wai rabon waliyyi ne. Yana nan a gidanmu, kuma har yau ina ɗan tsoronsa.

A jami'a an koya mini in yi ta tambaya har sai na sami amsa a fili. Yanzu na ƙara wani abu a kan karatun: in ka yi wa tsohuwa tambaya ta ja mayafi ta rufe fuska, an riga an ba ka amsa. Ka mayar da turmi inda ka gan shi.