Gishirin Injin Ikko

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa a ka, amma ba zan taɓa mantawa da injin nan da aka kawo daga Ikko ba. Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara zuwa Zariya ba, Sabon Gari ma duk rumfuna ne da 'yan gidajen kwano. Ni kuma ina sabon ango, na baro maƙerar babana a Samaru na zo neman aikin Bature, don a ganina ƙera fartanya ya yi mini kaɗan. (Ku yi mini uzuri, a lokacin ji nake duk ƙasar Zazzau babu wanda ya san ƙarfe kamata.)

Na samu shiga shagon gyara na wani Bature ɗan kasuwa, amma gwaji aka ɗauke ni. Mai kula da shagon shi ne Oga Salami, wani Bayarabe gajere mai furfura, wanda ya yi shekaru yana gyaran jiragen ruwa a ƙasarsu.

Injin na wani ƙaramin jirgi ne da ya nutse a bakin teku. Aka tsamo shi, Bature ya saye shi da araha, yana so a mayar da shi na jawo ruwa daga rafin Kubanni zuwa gidansa da shago. Abin da ya ɗaure mini kai, a cikin ƙatuwar ganga cike da ruwa aka kawo shi. Ƙarfe a cikin ruwa! Da babana ya gani, da sai ya yi salati.

Oga Salami ya kira ni ya ce, "Maƙeri, saurara da kyau. Ruwan teku gishiri ne, kuma ya shiga ko'ina a cikin injin nan. In ya sha iska kafin gishirin ya fita, tsatsa za ta cinye shi. Kullum ka zare toshiya ka zubar da ruwan, ka cika da sabo nan take. Zan je Kano kwana huɗu. In na dawo mu kwance shi, mu goge, mu sa mai. Ran da ya tashi, Bature zai ɗauke ka aiki na dindindin."

Na ce, "To, Oga." A zuciyata kuwa dariya nake yi. Wai kogi guda na gishiri! Mu da ake kawo mana gishiri a kan raƙumi, uwargida tana ɓoye shi a ƙasan tukunya, shi ne za a ce wasu suna tuƙa jirgi a cikinsa?

Ranar farko na bi umarni. Na yi ta safa da tulu tsakanin Kubanni da shago har wuyana ya ƙage. Rana ta biyu na zubar da ruwan, na ce bari in ɗan miƙe bayana a inuwa kafin in sauka rafi. Da na dawo kan gangar, sai na tarar rana ta busar da saman injin, wani farin abu ya fito masa a lungu-lungu. Na dangwala da yatsa na lasa.

Wallahi gishiri ne! Da ɗan ɗaci da warin kananzir, amma gishiri.

Nan Shaiɗan ya samu wurin zama. Na ce wa kaina, ashe jiya dukiya na zubar a ƙasa. Na ƙara da cewa tun kakanni an san ruwa ne ke kawo tsatsa, shanya kuma ke maganinta, Oga dai bai gaji ƙira ba ne. (Gaskiyar da ban faɗa wa kaina ba ita ce, na gaji da ɗaukar tulu.) Na bar injin a rana, ina kankare farin abin da wuƙa. Zuwa washegari na tara abin da ya kai cikin tafin hannu biyu.

Da na cinye abina ni kaɗai, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai na ƙulle shi a sabon ƙyalle, na taka har Samaru, na durƙusa gaban surukina Malam Tanko, dattijon da tun farko bai so in bar maƙera ba. Na ce, "Baba, ga gishirin teku, irin wanda Turawa ke ci. A wajen aiki aka ba mu." Na kuma gayyace shi ya zo jibi ya ga yadda zan tayar da inji. Ni fa, ba Oga ba.

Da safiyar ranar da Oga zai dawo na leƙa gangar. Injin ya yi ja wur kamar an shafa masa jar ƙasa. Na ruga rafi, na cika gangar fal, na zauna a gefe ina jan carbi kamar mutumin kirki.

Oga ya iso da hantsi, Bature na biye da shi, leburori suka taru. Can sai ga Malam Tanko a kan jakinsa, ya sha rawani, amma ya faɗa, idanunsa sun zurma. Aka shimfiɗa masa buzu a gaba.

Oga ya dubi ruwan, ya ga ya yi ja. Aka ciro injin da igiya, ya sa hannun juyawa ya danna. Ko motsi. Ya hau da ƙarfinsa duka, leburori biyu suka taya shi. Kamar an dasa shi.

Ya juyo a hankali. "Maƙeri, injin nan ya sha iska?"

Na ce, "Haba Oga! Ko ƙuda bai sauka a kansa ba."

"Ka tabbata?"

"Ko kaffara ba zan yi ba."

A daidai nan Malam Tanko ya yi gyaran murya. Shi bai san abin da ake ciki ba, ya ga dai babban ma'aikaci, ya ga damar yin tambaya. Ya ce, "Sannu da aiki, maigida. Don Allah gishirin nan na teku da kuka ba yaron nan, yaya Turawa ke cinsa? Mu dai a miyar kuka aka zuba. Tun shekaranjiya gidana babu wanda ya zauna, daga mai riƙe da buta sai mai jiran buta."

Oga ya ce, "Wane gishiri, Baba?"

Dattijon nan ya laluba aljihu ya fito da ƙyallen, da sauran abin a ciki. Oga ya shinshina, ya dubi injin, ya dube ni. Sai ya zauna daɓas a ƙasa ya fashe da dariya har da hawaye. Leburori suka ɗauka. Aka fassara wa Bature, fuskarsa ta yi ja ta fi injin. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Surukina bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Ashe ƙarfe ka ba mu muka sha." Ya hau jakinsa ya tafi. Wannan kalma ta fi mini zafi a kan duk dariyar.

Ba a kore ni ba, kuma da an kore ni da ya fi mini daɗi. Bature ya ce tunda injin ruwa zai jawo, ni kuma na kashe shi, to ni ne injin har sai kayan gyara sun zo daga Ikko. Wata huɗu ina safa da tulu daga Kubanni, duk inda na gifta a Sabon Gari ana cewa, "Inji, a tashi!" Da kayan suka zo, Oga ya tayar da abinsa, aikin dindindin kuma aka ba wani Banufe. Na koma Samaru na ci gaba da ƙera fartanya, na shekara ban iya haɗa ido da surukina ba.

Tun daga ranar na daina gardama da mai sana'a a kan sana'arsa. Yau ko cewa ya yi in jiƙa ƙarfe a cikin kunu, tambayata ɗaya ce: na tsamiya ko na kanwa?