Shaidar Malam Sani

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da zumuntar maza ta cocinmu ta taru a falona a Nassarawa GRA. Ko yanzu na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A farkon shekarar ne muka yi alkawarin karance Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe, kullum sura uku. Ni kuwa sarkin dabara sai na sauke karatun murya na Littafin a wayata, na haɗa da rediyon mota. Kowace safiya direbana Malam Sani, wani dattijo Musulmi ɗan Jigawa, zai ja mu zuwa ofis, murya tana karatu, ni ina hakimce a baya na lumshe ido (don natsuwa, a cewata). Da mun isa sai in tura wa 'yan zumunta saƙo: na karanta. Wata biyar ban yi fashi ba. Har Fasto ya yi misali da ni a kan bagadi, ni kuma na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, kaina kuwa ya kusa taɓa silin.

To, ranar nan Fasto ya zo da niyyar naɗa ni jagoran karatu na maza. Kowa ya sani, ni ma na sani, don har sabuwar hula na sa. Bayan addu'a sai ya ce kafin a ɗora mini hannu, in ɗan tuna wa 'yan'uwa abin da muka karanta a wannan mako.

Na buɗe baki, na ji kaina fayau kamar an share shi da tsintsiya. Sunan Nehemiya kaɗai ya faɗo mini, ban ma san daga ina ba. Na kama shi da hannu biyu. Na ce bawan Allah ne ƙwarai, ya sha wahala, 'yan'uwansa suka jefa shi rijiya. Na ga Fasto ya gyara tabarau. Sai na yi sauri na ce to, bayan ya fito daga rijiyar ne kifi ya haɗiye shi. Wani ya yi tari. Ni kaina na fara shakka, kifin a rijiya yake ko a teku? Kuma ina jin akwai zakuna a wani wuri, amma na rasa inda zan sa su. Matata tana rarraba zoɓo, sai ta ajiye tire ta koma kicin a hankali.

Daidai nan Malam Sani ya yi sallama, ya dawo daga sallar la'asar zai ba ni makullin mota. Ni kuma ina da wata mummunar ɗabi'a, duk maganar da na yi sai na nemi mai gaskata ni.

"Ko ba haka ba ne, Malam Sani?"

Ya ɗan rusuna. "Yallaɓai, ai mai rijiya Annabi Yusufu ne, mun wuce shi tun kafin azumi. Wannan na yanzu ganuwar gari yake gyarawa, masu ginin ma da makami a hannu suke aiki."

Fasto ya tambaye shi, cikin ladabi, yadda aka yi ya sani.

"Ni nake ji, ranka ya daɗe. Yallaɓai daga mun fita get yake barci. Har rage muryar nake yi kada ta tashe shi."

Ban san wa ya fara dariya ba, amma na san ma'ajin zumuntarmu sai da aka ba shi ruwa. Ni dai ina zaune ina lissafi, wata biyar ɗin nan ina nake? Na rantse ina jin muryar (ashe cikin mafarki nake jinta, shi ya sa kifi ya shiga rijiya). Fasto ya ce a ɗage naɗin zuwa wani lokaci. Wani lokacin bai zo ba har yau.

Ranar Litinin na shiga mota a kunyace, ban kunna komai ba. Muna kaiwa Badawa Malam Sani ya leƙo ta madubi, ya ce shi fa yana so ya ji ko an gama ganuwar nan. Dole da na koma gida na buɗe littafin da hannuna, na karanta a tsaye don kada barci ya sace ni, washegari na kawo masa labari.

A tsayen nake karatuna har yau, sura ɗaya tak. Kuma na koyi cewa in mutum zai yi barci a kan ibadarsa, kada ya kira wanda yake farke ya ba da shaida.