Wai Ƙyaranata Ce Ta Hana Ruwa Zuwa

Jama'a, a tsaye nake rubuta muku shafin yau, don ni da kujera ba ma ga maciji. Tun da na dawo gida Kesar, maiɗakina, take bi na da matsefata tana cire mini ƙaya a wurin da ba a ambata a jarida. Tana cirewa tana dariya, har da riƙe ciki. Na ce mata, "Ke dai ba ki da tausayi." Ta ce, "Baban Minu, tsaya cak, saura wata babba."

Ku bari in faɗa muku yadda aka yi dattijo kamata, mai furfura a gashin baki, ya zauna a kan ƙyarana.

Kun dai san famfon Unguwar Masaƙa rabonsa da ruwa tun bikin watsa kala na Holi na bara. In ka murɗa shi sai ya yi tari, ya yi gyatsa, ya yi shiru. Furannin da ke tsakar gidanmu duk sun bushe ɗaya bayan ɗaya. Tulsi, tsiron nan namu mai tsarki, kaɗai ta tsira, ita ma don Kesar na raba ruwan shanta biyu ta ba ta rabi. Sai kuma ƙyaranar 'yarmu Minu, wata 'yar dunƙulalliya mai ƙaya a tukunyar ƙasa, wadda ita ko a jikinta, ƙiba ma take yi. Ranar da Minu za ta tafi jami'a ta damƙa mini ita ta ce, "Baba, wannan ko kai ba za ka iya kashe ta ba." Na riƙe amanar da hannu biyu.

Kada wani ya ce ban san Vastu ba, ilimin kakanninmu na tsara gida. Gidanmu kakana ya gina shi bisa ƙa'ida: murhu a kudu maso gabas, ɗakin ibada a arewa maso gabas, kuma ba wanda ke kwana kansa na kallon arewa. Na san ba a shiga da mai ƙaya cikin ɗaki, don tana jawo faɗa tsakanin miji da mata. Shi ya sa na ajiye ta a waje, bakin tagar yamma. Faɗan da muke yi da Kesar namu ne na gado, ba ruwan tsiro.

To, mun kai kukan ruwa wurin Mai Girma Sarkin Famfo, Uban Bututu, Mai Almakashin Zinariya, wato mai mulkin garinmu. Bawan talakawa ne, ba ya ƙyashin alkawari. Bututun unguwarmu ya buɗe shi da kiɗa da furanni a wuya, ya sake buɗe shi, ya kuma buɗewa, har almakashin ya dushe. Da ya ga ruwa ya ƙi jin kunyarsa, sai ya kafa kwamiti. Kwamitin ya tafi can kan duwatsu inda ake hutawa, don ya ga yadda ruwa ke gangarowa da idonsa. Suka dawo kumatu sun cika, suka ce matsalar ta fi ƙarfin injiniya, sai an ɗauko masanin Vastu daga babban birni.

Masani ya zo a mota mai sanyi, zobe a kowane yatsa. Bai kalli bututu ba, tagoginmu ya kalla. Ya juya gabas, ya juya arewa, ya girgiza kai. Wai unguwarmu a arewa maso gabashin gari take, kusurwar ruwa ke nan, mu kuwa mun cika ta da ƙaya, ƙayar ce ke huda sa'ar ruwa tun kafin ya iso. Washegari mota mai lasifika ta zaga: kowa ya fito da ƙyaranarsa, za a yi bikin farfasa su a filin da ke gaban ofishin Mai Girma.

Na ce ba inda tawa za ta. Nan fa unguwa ta juya mini baya. Mai shayi ya fara ba ni na ƙasan tukunya. A layin rijiya mata suka riƙa tura tulun Kesar baya. Mangilal tela, abokina tun muna yara, ya same ni a ƙofar gida.

"Bhanwar, kai fa kake hana mu wanka."

"Kai da ko lokacin da ake da ruwa sai ranar biki kake yi?"

"Bar wasa. Matata ta ce in ban raba ka da abin nan ba, kada in dawo cin abinci."

"Mangilal, ka yarda tsiron da bai kai kan jariri ba ya tare ruwan gari guda?"

"Ni ban yarda ba, ban kuma ƙi ba. Ƙishirwa nake ji."

Wannan maganar ce ta karya ni, ita da ganin Kesar ta dawo daga rijiya da rabin tulu, ta ajiye. Na kira Minu a waya ina ta kame-kame. Ta ce, "Baba, ka kai ta. Mama ta fi tsiro." Muryarta dai ba ta yi mini daɗi ba.

Yau da safe na hau bayan babur ɗin Mangilal, na ɗaure tukunyar a bayana. Kun san hanyar ofishin, wadda shi dai Mai Girman, da ɗaya sarautarsa ta Sarkin Kwalta, ya gyara a rediyo. Muka faɗa wani rami, na tashi sama, tukunya ta zame gaba, na sauko a kanta. Ihun da na yi har shanun da ke kwance a tsakiyar titi sai da suka miƙe.

Muka iske fili ya cika. An kafa rumfa, makaɗa na ta aiki, an jera tiren alewar laddu wanda ba a yarda talaka ya matsa kusa da shi ba. Mutanen unguwa kowa rungume da tukunyarsa, mata kuma da tulunansu babu komai ciki, don an ce da an fasa ruwa zai zo. Mai Girma yana cikin ofis yana shan shayi, sai masu ɗaukar hoto sun gama shiri zai fito ya fasa ta farko.

Don kada wuri ya yi sanyi, aka ba masani lasifika. Ya yi ta zuba, har daɗin bakinsa ya kwashe shi ya ce, "Ku sani, ƙaya ba abokiyar gaba ba ce. A cikin gida ne take ɓarna. Amma in aka ajiye ta a waje, tana fuskantar inda masifa ke fito wa mutum, to ta zama mai gadi."

Goggo Dhapu, tsohuwar da ta girmi kowa a unguwa, kunnenta ɗaya ne ke aiki. Ta ɗaga sanda.

"Ɗana, me ka ce? Maimaita, ban ji ba."

Ya maimaita da ƙarfi, masu hoto na ɗauka.

"Inda masifa ke fitowa?"

"Ƙwarai, Goggo."

"To madalla. Ka yi karatu, yaro."

Ta gyara lulluɓinta, ta ɗauki tukunyarta, ta taka a hankali har bakin ƙofar ofishin Mai Girma, ta dire ta nan. Makaɗa suka tsaya. Sai Kesar ta fizge tawa daga hannuna ta bi ta. Kafin masinjoji su farga, ƙofa ta toshe da ƙaya tun daga wannan bango har wancan, dogaye da gajeru da masu faɗi kamar tafin hannu. Mata suka zauna a bayansu, kowace da tulunta a cinya.

Aka ce masani ya gyara maganarsa. Ya kalli masu hoto, ya ajiye lasifikar. Mai Girma ya leƙo, ya ce a yi haƙuri, za a kafa kwamiti. Goggo Dhapu ta juya masa kunnen da ba ya ji. Ga motarsa a ciki, ga walimar ɗaurin auren ɗan wani babba tana jiransa. Sai ya tattare farin wandonsa, ya ce shi ɗan talakawa ne, zai tsallake. Ya tsallake ta farko, ya tsallake ta biyu. Ta Minu ce ta kama shi. Ƙarar yagewar har a lasifika aka ji.

Ya koma ciki da baya da baya, riƙe da abin da ya saura. Ba mu san wanda ya kira a waya ba. Mu dai kafin rana ta karkata sai ga motocin ruwa a jere, sai kuma ga wata mata ta taho a guje daga unguwa tana ihu wai famfo na zuba. Ruwan ja ne da farko, da tsatsa da ƙwari, amma na ga Mangilal ya tara kai a ƙarƙashinsa da rigarsa da komai. Kesar ta fara cika moɗa ta kai wa tulsi, sannan ta sha.

Na ɗauko ƙyaranar Minu na mayar da ita bakin taga, da ɗan ƙyallen farin yadi maƙale a ƙayarta. Yadi ne mai tsada, Mangilal ya taɓa ya tabbatar. Na aika wa Minu hoton, ta kira tana dariya har ta kasa magana.

Saboda haka ina miƙa godiyar Unguwar Masaƙa ga Mai Girma Sarkin Famfo. Da bai kashe dukiyar jama'a ya ɗauko mana masani ba, da har yanzu muna zaune cikin jahilci, muna ajiye ƙaya a inda ba ta da amfani. Masu cewa ilimin kakanni ba ya aiki, ku zo ku ga famfonmu.

Yanzun nan da nake rufe shafin aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Ga Goggo Dhapu can a ƙofar gida tana kiran Kesar, wai ta tambaye ni, tunda ni ne mai yawo a gari, ƙofar ofishin masu lantarki gabas take kallo ko yamma.