Jirgin Boaz Ya San Hanyar Gida

"Ni? Ku nuna mini ramin ɓera, in shigar da jirgin nan ta gaba in fito da shi ta baya, ko gashin bakin ɓeran ba zan taɓa ba!"

Boaz ke nan, abokina. Idan ka taɓa kwana biyu a Kafanchan, to ka ji muryarsa ko da ba ka ga fuskarsa ba. Kawunsa ne ya aiko masa da ɗan jirgin nan mai kamara daga Abuja, wanda samari ke kira diron, kuma tun ranar kunnen unguwa bai sake hutawa ba. Ya sa tela ya ɗinka masa riga mai aljihu goma sha biyu, aka rubuta Kyaftin a bayanta da jan zare. Mutanen unguwa suka karɓi sarautar, amma suka ƙara mata wutsiya: Kyaftin Sauro, saboda da shi da jirgin duk ƙara ce a kunne. Gaskiyar magana kuwa, duk tuƙin da ya taɓa yi a filin ƙwallon firamare ne, inda babu abin karo sai ƙarfen raga, shi ma ya buge shi sau biyu.

To, Boaz yana son Faustina, so na tsakani da Allah, har ramewa yake idan ta kwana ba ta amsa saƙonsa ba. Matsalar ita ce uwarta, Mama Tamar, shugabar zumuntar mata a cocinsu, macen da ke jin warin burkutu tun daga tsallaken titi. Ta zaunar da shi ta ce, "Yarona, ka bar ƙwarya daga Ista zuwa Kirsimeti, sai iyayenka su zo neman aure. Na kama ka sau ɗaya, ko inuwar gidana kar ka taka." Boaz ya dafa ƙirji ya rantse cewa ko launin burkutu ya manta. Kirsimeti saura sati uku.

Ana nan sai zumuntar mata suka tashi yin bidiyon sabuwar waƙarsu. Kan ka ce kwabo Boaz ya bayyana a ƙofar Mama. Ya ce wane irin bidiyo ne a gaban coci kamar na kowa? Su zo tsohuwar gadar jirgin ƙasa da ke bayan gari. Zai ratsa ƙarƙashin gadar da jirginsa, sannan ya shige dogon kwalbatin da ke gefenta, ramin siminti mai duhu da ruwan damina ke bi ta ƙasan layin dogo, ya ɓullo ta ɗaya bakin kamar mala'ika. Mama ta ce to, Asabar ƙarfe huɗu.

Asabar ta zo, tsoro ya kama Kyaftin. Mutumin da ko ƙarƙashin bishiyar mangwaro bai taɓa shiga da jirgi ba! Hannunsa sai rawa yake, har ya kasa saka maɓallin rigarsa. Ya ce a ransa ai likita ma ba ya fiɗa da hannu mai rawa, sai ya ratse gidan Caroline mai burkutu, wanda ke maƙale a bayan bishiyoyin mangwaro, tafiyar minti biyar daga gadar. Ya shanye ƙwarya ɗaya, hannu ya ɗan lafa. Ya kai rabin ta biyu ke nan waya ta yi ƙara.

"Boaz, kana ina? Mata arba'in suna tsaye a rana!" in ji Faustina.

"Ga ni nan, masoyiya, addu'a na tsaya yi."

Ya ture ƙwaryar, ya tauna ɗanyar citta har hawaye suka zubo masa, don ta kashe warin. Sai wata dabara ta faɗo masa. Ya za a yi Kyaftin guda ya iso da jirgi a jaka kamar mai tallan agogo? Nan tsakar gidan Caroline ya ajiye shi tsakanin tukwane, ya tashe shi sama, ya kama hanya yana takawa ɗai-ɗai, jirgin na shawagi a bisa kansa.

Matan kuwa suna ganinsa suka ɗauki guɗa. Duk sun sha anko, zane iri ɗaya, farin ɗankwali, ga masu kiɗan tulu da masu kacau-kacau. Bakin Boaz har kunne.

Mama Tamar ta matso tana ɗaga hanci. "Citta kake ci da rana tsaka?"

"Mura ce, Mama."

"Daga ina?"

"Daga coci. A bakin ƙofar coci na durƙusa na sa masa albarka, nan na tashe shi."

"To in ya ɓace a cikin ramin nan fa?"

Da Boaz ya yi shiru a nan, da yanzu ana kiransa ango. Amma ina! Ya gyara tsayuwa ya ce, "Mama, jirgin nan ba ya ɓata. Inda ya tashi, ya riƙe wurin a kansa. Ko sigina ya yanke, ko rimot ya mutu, da kansa zai koma ya sauka daidai inda ya tashi, taku ɗaya ba zai kuskure ba. Mutum yana ƙarya, wannan inji ba ya ƙarya!"

"Madalla," in ji Mama.

Aka jera, aka buga tulu, waƙa ta tashi. Boaz ya nufi gadar da jirgi. Tsuntsayen da suka yi sheƙa a jikin ƙarfen suka fito fuu, Kyaftin ya firgita ya danna ƙasa maimakon gaba. Jirgi ya sauko kan layin farko na matan, iskarsa ta kwashe ɗankwalin ma'ajiyar zumunta ta maƙala shi a ƙaya, matan suka watse, wata ta zauna a kan tulunta.

"Salo ne!" Boaz ya yi ihu. "Haka Turawa suke yi! A sake!"

Aka sake. Wannan karon ya wuce ƙarƙashin gadar sumul, shi kansa ya yi mamaki. Matan suka rera baiti huɗu cur, gumi na zuba. Sai Faustina ta leƙa wayar da ke maƙale a rimot ɗin ta ce a hankali, "Boaz, ba jan ɗigo ne yake nuna ana ɗauka ba? Ban gan shi ba."

Bai danna ba. Ya share gumi ya ce wancan ai gwaji ne, ainihin aikin yana cikin kwalbati. Ya danna jan ɗigon da ƙarfi, ya juya hancin jirgi, ya cusa shi cikin duhun ramin.

Da farko hoto na zuwa: bango, gansakuka, ɗan haske can nesa. Hasken ya yi ta girma, jirgi ya kai ɗaya bakin, sai hoton ya daskare. Tudun layin dogo ya shiga tsakaninsu, sigina ya yanke. Boaz ya girgiza rimot, ya ɗaga shi sama, ya hura masa iska. Shiru. Sai ya kwasa da gudu ya faɗa ramin da kansa. Taku biyar ya yi santsi ya kwashe shi, ya zube rigingine a cikin ruwan da ya kwanta tun damina, rimot ya nutse a taɓo, aljihu goma sha biyun nan kowanne ya cika da laka.

Ya rarrafo waje yana tari, sai ya tarar da mata arba'in sun ɗaga kai sama. Jirgin ne ya hayo ta kan layin dogo, ya tsaya cak kamar mai tunani, ya juya, ya miƙe abinsa.

"Haleluya, zai koma coci!" in ji wata.

Mama Tamar ta kare ido da tafin hannu. "Coci dai gabas yake. Wannan yamma ya yi."

A nan Boaz ya tuna maganar da ya yi da bakinsa. Tsoro na gaske ya kama shi, har ya ba ni tausayi. "Mama, ku huta a inuwa, ni kaɗai zan ɗauko shi!"

"A'a, yarona. Jirgin da aka sa wa albarka, ai sai mu raka shi."

Haka aka yi jerin gwano, Mama a gaba, mata a baya da tulunansu, Kyaftin a tsakiya yana ɗigar da taɓo. Ya ce iska ce ta kaɗa jirgin. Ya ce tauraron ɗan'adam ne ya samu matsala. Suna kallo jirgin ya tsaya bisa bishiyoyin mangwaro, ya fara sauka a hankali.

Suka shiga tsakar gidan Caroline suka same shi zaune tsaf tsakanin tukwane, kusa da wata 'yar kujera da jakarsa ke rataye a kai, jan ɗigonsa na ƙiftawa. Abin da ya ɗauka mai kyau a ranar ke nan kaɗai: zumuntar mata a gidan burkutu. Mashaya suka miƙe suna ɓoye ƙwarya a bayansu.

Caroline ta fito tana goge hannu a zane. "Ah, Kyaftin, ka dawo? Ga sauran naka nan, na rufe maka da faifai saboda ƙuda. Yau kam ka kawo mini baƙi!"

Faustina ta rufe fuska da ɗankwali. Boaz ya buɗe baki, a karon farko a rayuwarsa babu abin da ya fito sai warin citta.

Mama Tamar ta dubi ƙwaryar, ta dubi Boaz daga sama har ƙasa, sannan ta sunkuya ta shafa kan jirgin.

"Faustina, mu tafi," ta ce. "Wannan ƙaramin dai mai gaskiya ne. In shi yana son ki, ya turo iyayensa."