Furar Matuƙin Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ba mu takardar kammala makarantar manya ba, domin ranar Auta ta ce ba za ta samu zuwa ba. Na kuwa ƙullace ta, ban ɓoye ba.

Da furfurata na koyi rubuta sunana. Auta, wadda ke aikin jinya a Abuja, ta yi alkawarin hawo jirgi zuwa Katsina, ta ƙaraso Daura a mota. Da hantsi sai ga wayarta: "Inna, hadari ya tare mu, matuƙi ya mai da mu Abuja."

Na kashe wayar. Hadari? Ai malamarmu ta ce jirgi ta saman gajimare yake bi. (Ilimina sabo ne fil, ga shi da kaifi kamar aska.) Raina ya ce kawai kunyar ganin uwarta a kan bencin 'yan makaranta take ji.

Bayan la'asar aka miƙo mini lasifika in yi godiya. Godiyar da ban yi ba ke nan. Na ce, "Ni nan na sha tahowa daga gona a Dutsi da damin gero a ka, ana tsawa. Amma wai ƙato mai albashi ya ga hadari ya juya. Matsoraci! Ita ma 'yar tawa ta samu abin fakewa."

Babu wanda ya yi dariya. Kowa bakin ƙofa yake kallo. Auta ce tsaye, jiƙe sharkaf. Ashe suna sauka ta shiga motar haya.

A gida ta kwantar da kai a cinyata. "Inna, ƙanƙara ce ke dukan jirgin, iska ta ɗaga mu ta sake mu. Matar da ke gefena shahada take ta yi. Da ya kutsa cikin hadarin nan, da yanzu gaisuwa kike karɓa."

Na yi ta shafa kanta. Ni da na yi makonni ina roƙon Allah ruwa saboda gerona.

Washegari na kirɓa fura, na cika kwano, na rubuta "Na gode" a kan murfin da hannuna.

"Wa zan kai wa, Inna?"

"Matsoracin nan. Ki ce masa ya ci gaba da tsoro."